Ɗurar da Aka Yi wa Alheri

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Iyayena mata, yayyena da ƙannena na wannan zumunta, salamar Ubangiji ta zauna tare da ku.

Sunana Hannatu. Yawancinku kun san ni da Maman Nuhu, mai ɗinki a Gada Biyu, matar Dauda direban da ke lodi a tashar Laranto. Waɗanda suka daɗe a ikkilisiyar nan sun san akwai lokacin da ake kirana da wani suna. Maman Alheri ake ce mini a da. Ba wanda ya zauna ya ce a daina. Wata rana kawai na lura sunan ya fita daga bakin kowa.

Da shugabar zumunta ta ce in ba da shaida yau, na gaya mata shaidata ba ta da daɗin ji. Ta ce in faɗe ta yadda take. To, haka zan yi. Ina roƙon iyayena da ke zaune a kujerun gaba su yi haƙuri da ni, domin wata maganar za ta taɓa ku.

Mun daɗe da aure kafin Allah ya ba mu haihuwa. Wasunku sun yi azumi tare da ni a kan wannan. Da Alheri ta zo, ni da Dauda muka zama kamar masu gadi. Shagona cike yake da maɓallai da allurai da duwatsun ado, don haka kullum sai na share ƙasa na bi ta da tafin hannu kafin in shimfiɗa mata tabarma, alhali ko rarrafe ba ta fara ba. Dauda mutum ne mai son gyaɗa, aljihunsa ba ya rabuwa da ita. Ya daina shigowa da ita gida, wai kada ɗaya ta faɗi a kan gado. Har dariya maƙwabta suke yi mana.

A wajen awo nas ta tara mu ta ce nono kawai za mu ba yara har su cika wata shida. Ta ce ko bayan nan, kada mu yarda a yi wa yaro ɗura.

Iyayena sun san ɗura. Amma saboda 'yan matan da ke baya, bari in faɗa. A kwantar da jariri a cinya, a matse hannuwansa, a kafa masa tafin hannu a baki, a zuba kunu a ciki, sannan a toshe masa hanci. Yana neman iska, sai ya haɗiyi kunu. Yana kuka ana zubawa, har cikinsa ya cika. Da haka aka raini da yawa a cikinmu, ni ma da haka aka raine ni.

Mahaifiyata tana zaune a unguwar Abattoir, tana sayar da farfesun kayan ciki da ganda. Tun muna ƙanana Babanmu ya rasu, ita kaɗai ta riƙe mu mu shida da wannan tukunyar. Ina so ku ji wannan da kyau, Mama ba muguwa ba ce. Ita ta yi mini wankan jego. Ita ta fara kiran Alheri da kishiyarta tana rawa da ita a tsakar gida. Amma a wajen Mama, yaron da ba shi da kumatu yaro ne da ake zalunta.

Na same ta tana kankare ganda, na ce, "Mama, an ce kada a ba Alheri komai sai nono. Ɗura kuma ko kusa."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wa ya ce?"

"Nas ɗin asibiti."

"Ita nas ɗin 'ya'ya nawa ta raina? Ke da kike tsaye a kaina, da me kika yi wannan jikin? Dubi wuyan yarinya kamar na ɗan tsako."

Na koma gida na gaya wa Dauda. Ya ce, "Ki sake yi mata magana. Ni suruki ne, bakina ba ya kaiwa nan." Na sake yi mata, da ladabi, har da durƙusawa. Ta ce, "Na ji." Ni kuma na ɗauka ta ji ɗin.

Alheri tana wata biyar aka kawo mini ɗinkin anko na wani biki. Damina ce, ana ta ruwa, ga shi dole in shiga kasuwa neman kayan haɗi. Ban so in goya ta cikin ruwan sama ba. Na tatsi nono a kofi mai murfi, na kai ta wurin Mama, na ce ba zan daɗe ba.

Da na dawo da yamma, na tarar an canza mata riga. Idanunta sun yi ja. Tana kwance shiru, numfashinta yana wata 'yar ƙara da ban taɓa ji ba.

Na ce, "Mama, me ya same ta?"

Ta ce, "Mura ce. Kin san sanyin garin nan. Ki rufe ta da kyau."

Na rufe ta da kyau, 'yan'uwa. Na kai ta gida na rufe ta, domin uwata ta ce mura ce.

Washegari zazzaɓi ya rufe ta. Ta ƙi kama nono. Na buɗe rigarta na ga haƙarƙarinta yana lotsawa duk lokacin da ta ja numfashi. Dauda ya bar lodi ya zo ya kai mu asibiti, Mama ma ta biyo mu a keke napep. Likita ya sa abin sauraro a ƙirjinta, ya daɗe yana ji, sannan ya dube ni.

Ya ce, "An ba ta wani abu ban da nono?"

Na ce, "A'a, likita."

"Ba a yi mata ɗura ba? Ba ta ƙware da wani abu ba?"

Na ce, "Ba a taɓa ba." Da ƙarfina na faɗa, har da ɗan fushi, don na ga kamar yana zargina.

Mama tana tsaye a gefena, kafaɗarta tana gogar tawa. Ta ji tambaya ta farko, ta ji ta biyu. Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zaninta, ba ta ce uffan ba.

Wannan shirun shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau. Ɗurar, zan iya cewa rashin sani ne. Shirun fa?

Aka kwantar da mu, aka sa wa Alheri robar iska a hanci. Muna nan sai Mama Ngozi ta zo dubiya. Ita ce mai shagon kayan masarufi da ke jikin gidan Mama. Ta ajiye lemun da ta kawo, ta leƙa fuskar yarinyar, ta ce, "Kai, Allah ya ba ta lafiya. Tun ranar da ta ƙware da kunun nan hankalina bai kwanta ba. Ai sai da ta yi baƙi. Ihun Mamanki na ji na shigo da gudu, muka yi ta jijjiga ta kafin ta yi kuka."

Ta ɗauka na sani. Da ta ga fuskata, sai ta kama bakinta.

Na tashi na je na sami likita na gaya masa. Ya gyaɗa kai, ya ce dama abin da yake zato ke nan, kunu ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhunta. Sun yi iya ƙoƙarinsu, ba zan ɗora musu laifi ba. Amma jikinta ƙarami ne. Wata safiya, ina riƙe da ƙafarta, ƙarar numfashin nan ta tsaya.

Kun zo gaisuwa, na gode. Kun kawo abinci, kun yi waƙoƙi, kun karanta mini ayoyi. Kun ce haka Allah ya so. Kun ce in daina kuka, ni yarinya ce, zan sake haihuwa. Labarin kunun ya riga ya zaga, na san ya zaga, domin na ga yadda ake yin shiru idan na shigo ɗaki. Amma ba mutum ɗaya da ya zauna kusa da ni ya ce, Hannatu, abin da aka yi ba daidai ba ne.

Mama ta fi kowa kuka a wurin makoki. Ta yi ta birgima a ƙasa, mata suna rirriƙe ta. Sai wata dattijuwa ta zo ta taɓa ni ta ce in tashi in je in lallashi uwata. Ni da aka binne wa 'ya, ni aka aika lallashi.

Da na buɗe baki a gaban yayana Yakubu, ya ja ni bayan gida ya ce, "Maganar nan ta mutu a nan. Kina so hawan jini ya kashe Mama? Kina so a riƙa nuna gidanmu da baki? Mama ta sha wahala a kanmu, ba ke za ki tozarta ta ba."

Sai na haɗiye. Na haɗiye maganar, ta tsaya mini a maƙogwaro, ba ta wuce ba, ba ta fito ba.

Na daina zuwa Abattoir. In aiki ya kai ni wajen, sai in ce wa mai keke ya zaga ta wata hanya. In Mama ta kira waya, in bar ta ta yi ta ƙara har ta gaji. Ina zuwa sujada, ina saka kayan zumunta, ina buɗe baki lokacin waƙa, amma ranar jibin Ubangiji, da an fara raba gurasa da ƙoƙo, sai in fita waje kamar zan amsa waya. Na san abin da ke zuciyata, ban isa in miƙa hannu ba.

Cikin wannan hali Allah ya ba ni Nuhu. Kuka zo da murna kuna cewa Ubangiji ya share mini hawaye. Ni kuwa da aka ɗora mini shi a ƙirji, maƙogwaronsa na fara kallo. Ban bar Mama ta zo wankan jego ba. Ni na yi wa kaina.

Tsoro ya shigo gidana ya zauna daram. Wata shida suka cika, lokacin fara ba shi abinci ya yi, na kasa. In na dama kamu, sai in tace, in sake tacewa, in ƙara ruwa har ya zama kamar ruwan wanke shinkafa. In ɗebo a cokali, rabi ya zube kafin ya kai bakinsa. In ya yi tari sau ɗaya, shi ke nan, abincin ranar ya ƙare. Ya yi haƙora, yana kallon bakinmu in muna cin tuwo, yana miƙo hannu, ni kuma ina janye kwano. Har na koma cin abinci a ɓoye don kada ya gani. Daga baya ni ma abincin ya daina wuce mini. Loma ɗaya sai in yi ta taunawa, in kasa haɗiyewa.

Ba na barin kowa ya ɗauke shi ya fita daga idona. Wasunku sun miƙo hannu a bakin coci na ƙi ba su, suka ce Maman Nuhu ta cika girman kai. Ba girman kai ba ne. Jakunkunanku nake kallo, ina tunanin wa ke da biskit, wa ke da alewa.

Nuhu ya haura shekara lokacin da mahaifin Dauda ya zo daga ƙauye ganin jikansa. Baba dattijo ne mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya kawo mana acca da nunannen ayaba. Yana zaune a falo da Nuhu a cinyarsa, ni ina kicin. Na fito na ga ya ɓare ayaba, ya gutsuro ɗan ƙarami da yatsa, yana kai wa bakin yaron, Nuhu kuma ya wage baki.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na buge hannun Baba. Na buge shi da ƙarfi har ayabar ta faɗi ƙasa, na fizge yaron.

Baba ya dubi hannunsa. Ya dube ni. Ya sunkuya ya tsince ayabar daga ƙasa ya ajiye a kan tebur, ya ɗauki hularsa. A ranar ya koma ƙauye, abincin da na dafa masa ma bai ci ba.

Dauda ya raka shi tasha ya dawo. Tun da muka haihu bai taɓa kiran sunana ba, sai ranar. Ya ce, "Hannatu, ni ma 'yata ce ta mutu. Ni na saka ta a rami da hannuna. Amma dubi yaron nan. Ki dube shi da kyau. Sa'o'insa suna gudu, shi ko tsayuwa ba ya yi."

Na ce, "Gara ya rame yana numfashi."

Ya ce, "Har yaushe?"

Daga ranar magana ta yi ƙaranci a tsakaninmu. Yana fita da sassafe, ya dawo ya ci abinci shiru. Gida ɗaya, gado ɗaya, amma kowa da makokinsa.

Ranar awo ta zo. Nas ta ɗora Nuhu a sikeli, ta duba, ta sauke shi, ta sake ɗorawa. Ta shafa gashinsa da ya yi ja ya yi laushi, ta matsa fatar cinyarsa.

Ta ce, "Madam, me yaron nan yake ci?"

Na ce nono da kamu.

"Sai me?"

Na ce shi ke nan.

Ta ce, "Ba wata cuta a jikinsa. Yunwa ce. In aka ci gaba a haka, kwantar da shi za mu yi."

Yunwa. A gidan da akwai shinkafa, akwai wake, akwai dankali. Na goya shi na fito, ƙafafuna suka ƙi bin hanyar gida. Na yi ta tafiya har na tsinci kaina a ƙofar cocin nan. Ranar aiki ce, da tsakar rana, ba kowa a ciki. Na shigo na zube a can, kusa da taga ta biyu, inda Mama Saratu take zaune yanzu.

Ban yi addu'a irin wadda aka koya mana ba. Ban fara da godiya ba. Na ce, "Ubangiji, kai ma shiru za ka yi kamar su? Kana gani aka toshe mata hanci. Kana gani likita ya yi tambaya aka ƙi amsawa. Kowa ya ce kai ka so haka. Kai ka so? Kai ka dama kunun?"

Na tsorata da bakina, amma na kasa tsayawa. Sai na faɗi maganar da Yakubu ya ce ta mutu. Na faɗe ta da ƙarfi har ta dawo mini daga bango. Na ce, "Uwata ce ta yi sanadin 'yata, kuma ta ɓoye mini. Na tsane ta. Ga shi na gaya maka. Yanzu kuma ni ce nake kashe ɗana da yunwa, na sani, kuma na kasa dainawa. Yesu, hannuna ya kasa. In kana nan, ka riƙe shi."

Ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba. Ban ga haske ba, ban ji murya daga sama ba. Na jira hukunci ya sauko mini saboda abin da na faɗa, bai sauko ba. Abin da na ji shi ne kamar an zauna kusa da ni, an ji duka, kuma ba a ce in yi shiru ba. Tun rasuwar Alheri ba wanda ya yi mini haka. Sai kuka ya ɓalle mini, irin wanda aka hana ni yi a wurin makoki. Na yi shi har na gaji. Da na haɗiyi yawu, sai na ji ya wuce. Abin da ya tokare mini maƙogwaro ya sake ni.

Nuhu ya farka a bayana. Na ji yana tsotsar wuyan rigata yana taunawa. Na sauko da shi na dube shi da kyau, yadda babansa ya ce in yi. Na ce masa, "Yi haƙuri. Mu je ka ci abinci."

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu!

Amma Ubangiji bai ɗauke mini tsoro ya bar ni da jahilci ba. Washegari na koma wurin nas ɗin, na ce wa Dauda ya bar lodin safe ya bi ni, ya kuwa bi ni. Na gaya mata labarin Alheri daga farko har ƙarshe. Ta rufe ƙofa ta zauna da mu. Ta ce yaro a zaune ake ba shi abinci, ba a kwance ba, ba yana kuka ba, ba yana gudu ba. A murƙushe abin ya yi laushi, a ba shi kaɗan kaɗan, in ya kau da kai a ƙyale shi. Gyaɗa guda guda da alewa mai tauri da nama mai jijiya, a jira tukuna. Ta ce in yaro yana tari yana kakari, yana fitar da abin da kansa ne, kada a zura masa yatsa a baki. Wanda ya yi shiru ya kasa kuka, shi ne abin ya shaƙe. Ta ɗauko 'yar tsana ta kifa ta a kan hannunta, kai a ƙasa, ta nuna mana inda ake bugawa a tsakanin kafaɗu. Ta sa na yi, ta sa Dauda ya yi. Ina bugun bayan 'yar tsanar ina hawaye, domin ina tuna an ce jijjiga Alheri aka yi ta yi.

Da muka koma gida na dafa dankalin turawa, na murƙushe shi da ɗan manja. Dauda ya zaunar da Nuhu a cinyarsa. Na ɗebo a bakin cokali, na ce, "Yesu," na kai bakinsa. Ya karɓa, ya yamutsa fuska, ya yi kakari. Na zabura zan ɗauke shi. Dauda ya riƙe mini hannu ya ce, "Tsaya. Yana numfashi." Nuhu ya turo dankalin da harshe, ya dube shi a kan rigarsa, ya dangwala da yatsa ya mayar baki. Sannan ya wage baki yana jiran wani.

Ya cinye kwanon. Dauda ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna motsi.

Yanzu ga shi can waje yana guje-guje da 'ya'yanku. Gwate, faten nan na tsaki da ganye, yake ci har ya nemi ƙari. Wanda ya san shi a da ba zai gane shi ba.

Na je ƙauye na durƙusa a gaban Baba. Kafin in gama magana ya ce, "Tashi, 'yata. Ban san nauyin da kike ɗauke da shi ya kai haka ba." Ya sa aka yanka mini kaza.

Saura Mama. Wannan ya fi ɗaukar lokaci, kuma ba zan ce muku da murna na tafi ba. Na tafi ne don na ga ba zan iya roƙon gafara kullum ina riƙe da wuyan wani ba.

Na same ta a tsakar gida, a gaban tukunyarta. Ta tsufa fiye da yadda na bar ta. Ta ga Nuhu, wanda ba ta taɓa ɗauka ba, ta miƙe da ƙyar tana goge hannu a zani. Muka gaisa kamar baƙi. Na zauna a kan benci.

Na ce, "Mama, na zo in faɗi magana ɗaya, ba faɗa na zo yi ba. Kin yi wa Alheri ɗura bayan na roƙe ki. Likita ya tambaya kina tsaye, kika yi shiru. Na daɗe ina tsanar ki a kan wannan. Na kai wa Yesu, na ce ya karɓa. Na yafe miki."

Ta daɗe tana kallon wutar murhu. Ina jira. Kalma ɗaya nake jira, 'yan'uwa, kun san ta.

Ta ce, "Kuka take ta yi. Nonon da kika bari ya ƙare. Ku shida na raina da hannun nan, ba wanda ya mutu."

Abin da ta ce ke nan. Ba ta ƙara ba, har yau kuma ba ta ƙara ba.

Na so in tashi in tafi. Na ce a zuciyata, Ubangiji, ka ga irin ta ko? Amma na zauna. Ta shiga ɗaki ta fito da dafaffiyar doya a kwano ta ajiye a tsakaninmu. Nuhu bai san komai ba. Ya tako ya dafa gwiwarta, ya buɗe baki yana cewa, "Am, am."

Hannun Mama ya tafi da kansa. Ta gutsuro doya, ta murƙushe ta da yatsu, ta ɗaga. Ina kallo, ban motsa ba. Hannun ya kai rabin hanya ya tsaya. Sai ta juyo da shi wajena, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ungo. Ke ki ba shi."

Na karɓa na ba shi. Ita kuma ta tura hannuwanta biyu ƙarƙashin zani, ta zauna tana kallon bakinsa har ya haɗiye.

Haka muke har yanzu. Ina kai mata shi, tana goya shi, tana yi masa wasa, amma ko ruwa ba ta taɓa ba shi ba. Ban hana ta ba, ita ta hana kanta. Wani lokaci ina ganin wannan ya isa. Wani lokaci kuma in na wuce makarantar yara na ga sa'o'in Alheri da jakunkuna a baya, sai ɗacin ya taso mini sabo, in koma in sake yafewa daga farko. Na koma cin jibin Ubangiji da wannan zuciyar, kuma bai kore ni ba.

Iyayena kakanni, na san da ƙauna kuke yi. Na san kun raini da yawa sun rayu. Tawa ba ta rayu ba. In 'yarku ko surukarku ta ce kada a ba jariri abu, ba raini ba ne, ku ji ta. In kuma tsautsayi ya faru a hannunku, ku faɗa da wuri, tun likita yana tambaya. Ku kuma da kuke zuwa gaisuwa, kada ku yi saurin ɗora wa Allah abin da hannun mutum ya yi.

Ƙannena masu goyo, ku buɗe baki ku yi magana, ku je ku koyi abin da za ku yi in yaro ya shaƙe. Amma kada ku bar tsoro ya karɓi cokali daga hannunku yadda ya karɓa daga nawa. In akwai wadda take zaune a nan da maganar da aka ce ta haɗiye, ki kai wa Yesu yadda take, da ɗacinta, da muninta. Ya ji tawa bai juya mini baya ba. Ki dogara gare shi, zai ji taki.

Na gode wa Ubangiji da ya cece ni daga tsoro, ya bar mini ɗana da aurena. Na gode masa domin 'yata tana wurinsa, inda ba mai toshe mata hanci. Abu ɗaya nake roƙo a wurinku kafin in zauna. Wadda ta tuna, wani lokaci ta kira ni Maman Alheri. Zan amsa.

Ɗaukaka ta tabbata ga Yesu, yanzu da har abada. Amin.